Cukun ricotta da kabeji: ɗaya zai iya maye gurbin ɗaya?

Ummu_Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai jadawalin abinci da ake turawa masu son rage ƙiba, an jera cukun ricotta da kabeji a layi ɗaya, wai duk abinci ne mara nauyi, mutum ya ɗauki wanda ya samu. Da gaske ɗaya zai tsaya a madadin ɗaya? Ina son a ba ni lissafi, ba "yana da kyau a jiki" kawai ba.

MalamBala_Abinci: Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda ya haɗa jadawalin nan bai duba alƙaluma ba. Bari mu auna giram 100 na kowanne, bisa teburin Ma'aikatar Noma ta Amurka da aka daɗe ana aiki da shi.

Ricotta na cikakkiyar madara: kalori 174, furotin giram 11, kitse giram 13 (kusan giram 8 daga ciki kitse ne mai daskarewa), kalsiyam miligiram 207, fosforas miligiram 158, kolestarol miligiram 51. Faiba (zaren ganye da hatsi da hanji ba ya narkarwa) babu, bitamin C babu.

Ɗanyen kabeji: kalori 25, furotin giram 1.3, kitse giram 0.1, sitaci da sukari gaba ɗaya giram 5.8, a ciki faiba giram 2.5, bitamin C miligiram 36.6, bitamin K mikrogiram 76, folet mikrogiram 43, kalsiyam miligiram 40, fotasiyam miligiram 170. Kolestarol babu. Kashi 92 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne.

Kin ga kalorin ricotta ya ninka na kabeji sau bakwai. Abin da ɗaya ke da shi da yawa, shi ne ɗayan ya rasa. Ba gurbi ɗaya suke cikewa a faranti ba.

Yar_Gobir: Malam Bala, a gyara kaɗan. Wannan 174 ɗin tsohon awo ne. Sabon awon da ma'aikatar ta fitar ya kawo ricotta wajen kalori 150 zuwa 160, furotin ƙasa da giram 8, sukarin madara ya ɗan ƙaru. Kuma akwai wanda aka rage wa kitse, shi kalori 138 ne, kitse giram 8, kalsiyam miligiram 272. Mai saye ya karanta abin da aka rubuta a jikin robar, shi ya fi kowane teburi gaskiya a kan abin da ke hannunsa.

MalamBala_Abinci: Haka ne ƙanwata, na karɓa. Amma ko da 150 aka ɗauka, ninki shida ne. Maganar ba ta sauya ba.

Sadiq_Bolonya: Dalilin da ya sa alƙaluman ke saɓawa shi ne ba abu ɗaya ake kira ricotta ba. A Italiya asalinsa ba daga madara kai tsaye ake yin sa ba. Idan an gama yin cuku irin su mozzarella ko pecorino, ruwan da ya saura a tukunya ba a zubar da shi. Akwai sauran furotin narke a ciki wanda bai bi cukun farko ba. Sai a sake ɗora ruwan a wuta har ya kai digiri 85 zuwa 90, a ɗan zuba tsami, furotin ɗin ya taso sama fari kamar kumfa, a kwashe shi cikin ƙananan kwanduna ya tsane. Shi ke nan. Ba a ajiye shi ya tsufa.

To amma kamfanoni da yawa, musamman a Amurka, cikakkiyar madara suke sawa, wasu su ƙara kirim. Ga kuma bambancin dabba: a Italiya, Ricotta Romana na yankin Lazio daga ruwan cukun tumaki ake yi, na yankin Campania akwai na ɓauna, duka biyun sun fi na saniya maiƙo. Sai ricotta salata, wanda ake zuba wa gishiri, a matse, a bar shi ya bushe har ya yi taurin da za a goga a kan taliya. Wannan kada ma a sa shi cikin lissafin nan, gishirinsa ya ninka na ɗanyen sau da yawa.

DanJos77: Ni fa ban yarda a riƙa auna su da giram 100 ba, an zalunci kabeji. Mai rage ƙiba kalori yake ƙirgawa, to a auna da kalori. Kalori 100 na ricotta giram 57 ne kawai, wato babban cokali uku zuwa huɗu: furotin giram 6.5, kalsiyam kusan 120. Kalori 100 na kabeji kuwa giram 400 ne: furotin giram 5, kalsiyam 160, faiba giram 10, bitamin C sama da miligiram 140. A wannan ma'aunin kabeji ya doke cuku har a kalsiyam ɗin da ake taƙama da shi.

Hajiya_Kicin: Ɗan Jos, ka kare gonarku da kyau, amma wa zai zauna ya cinye giram 400 na ɗanyen kabeji? Kusan rabin matsakaicin kai ke nan, idan an yanka ya cika babban kwano. Cokali huɗu na cuku kuwa kafin ka ce kwabo ya shige.

DanJos77: Ai nan ne amfanin nasa, Hajiya. Yana cika ciki ba tare da ya cika jiki ba. Kuma idan aka sulala shi, ya kwanta, giram 200 ba wani abu ba ne a gefen shinkafa.

MalamBala_Abinci: Ku biyun kuna da gaskiya, tambaya daban kowa ke amsawa. Lissafin Ɗan Jos daidai ne a takarda. Amma a juya shi: don a sami furotin giram 11 da ke cikin giram 100 na ricotta, sai an ci kabeji kusan giram 850. Kuma ba adadi kaɗai ba, furotin na madara cikakke ne, yana ɗauke da duk sinadaran gina tsoka da jiki ba ya iya haɗawa da kansa. Na kabeji kaɗan ne kuma bai kai shi inganci ba. Akwai kuma bitamin B12, wanda ganye ba ya bayarwa ko kaɗan, ricotta na da shi. Haka zinki da seleniyam sun fi yawa a cukun. Macen da ta cire furotin daga abincinta ta maye da kabeji, sikeli zai nuna ta ragu, amma wani ɓangare na abin da ya tafi tsoka ce, ga kasala da zubar gashi da kan biyo baya.

Abu ɗaya da zan ƙara wa Ɗan Jos: kalsiyam na kabeji jiki na iya ɗaukarsa sosai, domin ba shi da yawan sinadarin okzalet da ke ɗaure kalsiyam a alayyafo. Babba na buƙatar wajen miligiram 1000 a rana, don haka kabeji taimako ne, ba zai ɗauki nauyin shi kaɗai ba.

Hajiya_Kicin: Tunda ana batun kalori 25, a faɗi gaskiya: a gidajenmu da wuraren biki kabeji ba ya zuwa faranti a kalori 25. Babban cokali ɗaya na mayonis kusan kalori 95 ne. A zuba uku a kan giram 200 na kabeji, an tashi daga 50 an koma sama da 330, an ƙara da madarar gwangwani da sukari kamar yadda wasu ke yi. A nan ya wuce ricotta nesa. Kwaɗo da ƙuli-ƙuli ya fi, domin ƙulin na kawo furotin, amma a kula da man da ake malalawa a kai. Ƙaramin cokali biyu sun isa kwano ɗaya.

Nas_Maryam: Ga masu shan maganin tsinka jini na warfarin, wannan magana ba ta ado ba ce. Bitamin K ne ke taimaka wa jini ya daskare, maganin kuwa aikinsa rage ƙarfin bitamin K. Giram 100 na kabeji na da mikrogiram 76, alhali buƙatar mace a rana wajen 90 ne, namiji 120. Ba a ce su daina ci ba. Abin da ke kawo matsala shi ne sauyi na farat ɗaya: mutum ba ya ci, sai ya shiga tsarin rage ƙiba ya riƙa cin kwano guda kullum, ƙarfin maganin ya ragu, gwajin INR mai auna saurin daskarewar jini ya sauka, jini ya iya yin gudaji. Ko yana ci kullum sai ya daina, maganin ya yi ƙarfi, jini ya riƙa zuba daga dasashi ko hanci. A riƙe adadi ɗaya, kuma a sanar da likita kafin a sauya abinci. Ricotta ba shi da wannan matsalar, bitamin K ɗinsa ƙalilan ne.

Auwal_Zongo: Ana cewa kabeji na kawo maƙoƙo. Gaskiya ne?

Nas_Maryam: Akwai ƙamshin gaskiya amma an zuzuta. Kabeji da danginsa na da sinadaran da, idan an tauna, kan koma wani abu da ke rage yadda maƙogwaro ke ɗaukar ayodin. Wannan na zama abin damuwa ne ga wanda dama ayodin bai ishe shi ba, kuma yana cin ɗanye da yawan gaske kullum. Dafawa na rage tasirin. Mai amfani da gishiri mai ayodin yana cin kabeji daidai misali ba shi da abin tsoro. Mai ciwon tayirod, wato ƙullin gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, ya fi dacewa ya ci dafaffe.

Bappa_Ruga: Ina ta karantawa ina jiran a tambayi inda za a samo wannan ricotta. Sai manyan kantunan Abuja ko Legas, da tsada kuma. Abin da muke da shi mai kama da shi shi ne cukun da ake yi da sabon nonon saniya, a ɗumama, a zuba ruwan ganyen tumfafiya, ya kama, a tsane a ƙaramin kwando. Sai dai a lura, wannan ya ɗauke furotin da kitsen madarar gaba ɗaya, kuma an matse ruwansa fiye da ricotta, saboda haka ya fi shi nauyi a kalori. Idan kuma aka soya shi cikin mai kamar yadda aka saba, lissafin ya ƙara hawa. Mai son rage ƙiba ya dafa shi cikin miya maimakon suya.

Auwal_Zongo: Shi ne wagashi a nan Gana, wani ma ana rina bayansa ja da karan dafi.

Mariama_Damagaram: Namu cukun na Nijar kuwa wani abu ne daban, shimfiɗa shi ake yi siriri a shanya ya bushe ƙayau, a ci da shayi ko a daka cikin fura. Tunda ruwan ya fita, giram 100 nasa ya fi na ricotta furotin da kitse da kalori nesa ba kusa ba. Kada wani ya ɗauki lambobin Malam Bala ya ɗora masa.

Yar_Gobir: Kuma kada a haɗa da awarar waken suya. Ita ba madarar dabba ba ce: ba lactose (sukarin madara), ba kolestarol, ba B12. Furotin ɗinta mai kyau ne. Kalsiyam ɗinta ya danganta da abin da aka tsinka ta da shi, wadda aka yi da ruwan tsami ba ta kai wadda kamfani ke yi da gishirin kalsiyam ba.

Ummu_Sadiya: Na gode ƙwarai. Anti Hajiya, ana iya yin ricotta a gida?

Hajiya_Kicin: Ana yin mai kama da shi. Lita ɗaya ta sabuwar madara cikakkiya, tukunya mai kaurin gindi, wuta matsakaiciya, ana juyawa don kada ta kama. Idan ta kai digiri 85, wato ta fara tururi da ƙananan kumfa a gefe amma ba ta tafasa ba, a sauke. A zuba babban cokali biyu na ruwan lemon tsami ko farin binega, a juya sau ɗaya ko biyu a hankali, a bari minti 10 zuwa 15 ba a taɓa ba. Za ki ga farin ya rabu da ruwa mai ɗan launin ɗorawa. A shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan rariya, a kwashe da ludayi a zuba, ya tsane minti 20 idan ana son mai laushi, awa guda idan ana son mai ɗan ƙarfi. Lita ɗaya kan ba da giram 150 zuwa 200. Gishiri ɗan kaɗan a ƙarshe.

Inda ake samun matsala: idan ruwan ya tsaya fari kamar madara, tsamin bai isa ba ko zafin bai kai ba, a mayar wuta kaɗan a ƙara ƙaramin cokali ɗaya. Idan cukun ya yi tsaki-tsaki da tauri, an bar ta ta tafasa ko an yi ta juyawa bayan zuba tsami. Tsami ya yi yawa, ɗanɗanon ya lalace. Madarar kwali mai daɗewa ba ta kamawa da kyau saboda zafin da aka riga aka ba ta. Madarar gari kuma a duba, da yawa daga ta awo an cire kitsen nonon an maye da man itace, za ta kama amma ba abu ɗaya aka samu ba.

MalamBala_Abinci: Ƙarin bayani a kan na gida: tsami na narkar da kalsiyam ya bi ruwan da aka tace. Yawan tsamin, yawan asarar. Saboda haka kada a zubar da ruwan, a kwaɓa fulawa da shi ko a dama kunu.

DanJos77: Mu dawo kan kabeji, yadda ake kashe amfaninsa a tukunya. Bitamin C ba ya jure zafi kuma yana narkewa a ruwa. A yanka kabeji siriri, a jiƙa a ruwa, a tafasa minti 20, a tsiyaye ruwan a zubar, mafi yawan bitamin ɗin da folet sun tafi. Idan aka jefa kanwa don ya yi laushi, an ƙarasa kashe sauran. A wanke kafin a yanka, a yanka dab da girki, a sulala a madambaci minti 5 ko a soya sama-sama da ɗan mai minti 3 zuwa 4, a sauke yana da sauran ƙaras-ƙaras. Warin nan da ke cika gida alamar an wuce da dahuwa ne, sinadarin sulfa ne ke fita. Bitamin K shi ba ya damuwa da wuta, kuma ɗan mai na taimaka wa jiki ya ɗauke shi. Jan kabeji ya fi fari bitamin C, wajen miligiram 57, amma bitamin K ɗinsa kusan rabin na fari ne.

Batun feshi ma gaskiya ne, tsutsa na damun kabeji a gona, ana fesa masa magani da yawa. A cire ganye biyu ko uku na waje a zubar, a wanke sauran da ruwa mai tsabta yana gudana.

Nas_Maryam: Mai juna biyu ta kula da duka biyun, saboda ƙwayar listeriya wadda ke iya ɓarar da ciki kuma tana hayayyafa har cikin firij. A 1981 an sami ɓarkewarta a gabashin Kanada daga haɗin salak na kabeji, wanda aka noma da takin tumaki. A 2012 kuma an samu a Amurka daga ricotta salata da aka shigo da shi daga Italiya. Kun ga tsakanin kabeji da cuku babu wanda ya kuɓuta daga wannan ƙwayar. Cuku ya zama na madarar da aka dafa, a ajiye a sanyin digiri 4 ko ƙasa, na gida a cinye cikin kwana 3. Idan an ɗauke wuta firij ya huce tsawon yini, kada a dogara da shinshinawa, a zubar. Kabejin da ba a tabbatar da ruwan da aka yi masa ban-ruwa ba, ta ci dafaffe.

Auwal_Zongo: Wanne ya fi kumbura ciki? Don duka biyun ana kuka da su.

Yar_Gobir: Kowanne da hanyarsa. Kabeji na da wani sukari, rafinos, irin na wake, wanda hanjinmu ba ya narkarwa sai ƙwayoyin babban hanji, su kuma su fitar da iska. Wannan kowa na iya ji, amma yana sauƙi idan an fara da kaɗan kuma dafaffe. Ricotta kuwa lactose ne. Tunda ɗanyen cuku ne mai ruwa, ya fi tsofaffin cuku irin parmesan lactose. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya gwada cokali biyu tare da abinci ya gani. Wanda ke da alajin madara na gaske, mai kawo ƙuraje ko toshewar numfashi, shi ba gwaji.

Famasis_Kabiru: Masu ciwon ƙoda: kabeji na cikin ganyen da aka fi ba su dama saboda fotasiyam ɗinsa bai kai na alayyafo ko dankali ba. Ricotta na da fosforas da furotin da sai an ƙayyade musu. Masu hawan jini: ɗanyen ricotta gishirinsa da sauƙi, sodiyam wajen miligiram 84 zuwa 110, kabeji 18. Amma kabejin da aka tsima da gishiri irin na Jamus ya haura 600. Masu kolestarol su tuna cewa mai cin kalori 2000 ana so kitse mai daskarewa kada ya wuce giram 22 a rana, giram 100 na ricotta ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Masu suga duka biyun ba sa tayar da sukari da sauri. Sannan mai shan maganin ƙarin jini ko tetracycline ko ciprofloxacin kada ya haɗa da cuku lokaci guda, kalsiyam na hana maganin shiga jiki, a ba da tazarar awa biyu aƙalla. Kabeji kuwa bitamin C ɗinsa na taimaka wa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake ya shiga jiki.

Mariama_Damagaram: Yara fa? An yaye yaro, wanne za a fi ba shi?

Nas_Maryam: Cikin yaro ƙarami ne, yana buƙatar abinci mai ƙarfi a ɗan adadi. Cuku mai laushi na dafaffiyar madara, mara gishiri, ya dace daga wata shida tare da nonon uwa. Kabeji a dafa ya yi laushi a ba shi kaɗan cikin fate, kada ya cika masa ciki ya hana shi cin abin da zai gina shi.

Ummu_Sadiya: To idan abincin dare ne na mai son rage nauyi, nawa-nawa?

MalamBala_Abinci: Giram 200 na kabeji a sulala, kalori 50. Giram 100 na ricotta mai ragin kitse, 138. Ƙaramin cokali ɗaya na mai, 40. Jimilla kusan 230, da furotin giram 14, faiba giram 5, kalsiyam wajen 350. A ƙara ɗan dankalin Hausa ko burodi yanki ɗaya don kada yunwa ta tashe ki da tsakar dare.

Bappa_Ruga: Furotin giram 14 ya yi kaɗan ga babba a cin abinci ɗaya, Malam. A ƙara ƙwai guda, ya kawo giram 6.

DanJos77: Ko a bar cukun gaba ɗaya a sa wake, a huta da neman kanti.

Sadiq_Bolonya: Idan za a haɗa su a tukunya ɗaya, a sauke kabejin tukuna sannan a zuba ricotta a juya. In aka bar shi a wuta ba ya narkewa kamar mozzarella, ruwa yake saki ya koma tsaki-tsaki.